Fim ɗin kisan otal ɗin Nilu: me ya sa muka tausaya wa ɗan sandan muka manta da mai gyaran ɗaki?

Sanusi Fagge:
Assalamu alaikum jama'a. Daren jiya mu bakwai muka zauna a falon wani abokinmu muka kalli The Nile Hilton Incident, fim ɗin 2017 da Tarik Saleh ya ba da umarni. Na kwana da shi a raina, shi ya sa na kawo shi nan. Wanda bai kalla ba ya sani tun yanzu, za mu taɓo ƙarshen labarin.

A Alƙahira abin ya faru, cikin Janairun 2011, ana saura 'yan kwanaki jama'a su cika dandalin Tahrir da zanga-zangar da ta sauke shugaba Mubarak. An yanka wata mawaƙiya, Lalena, a ɗakin otal. Wadda ta ga masu shiga da fita ita ce Salwa, 'yar Sudan mai gyaran ɗakuna. Aka damƙa binciken a hannun Noredin, ɗan sandan da ke karɓar na goro ido na ganin ido, kuma baffansa Kammal ne babba a ofishinsu. Sawun da ya bi ya kai shi ƙofar Hatem Shafiq, attajiri mai gine-gine, ɗan majalisa, na hannun daman ɗan shugaban ƙasa.

Abin da ya tsaya mini a rai ba fim ɗin ba ne, mu ne masu kallo. Da aka gama, mutum shida sai "Allah sarki Noredin" suke ta yi. Ko mutum ɗaya bai ambaci Salwa ba. Yarinyar da ba ta ci kuɗin kowa ba, aka raba ta da aikinta, aka bi ta da bindiga saboda kawai idonta ya gani. Na yi shiru har muka watse. Ku da kuka kalla, haka abin ya zo muku ku ma?

Nura Ɗorayi:
Wa'alaikumus salam Yaya Sanusi. Ina cikin shidan, kuma ban janye ba. Kusan duk tsawon fim ɗin kyamara a kan fuskar Noredin take. Mun shiga ɗakinsa, mun ga talabijin ɗinsa da ke ta ba shi wahala, mun ga yadda yake zuwa wajen mahaifinsa tsoho. Wanda aka nuna maka cikin gidansa ai shi za ka ji wa. Kuma mutumin ya juya baya ga kuɗi daga ƙarshe. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya tashi a cikin wannan ɗabi'a.

Hadiza Bello:
Nura, ya juya baya ga kuɗi bayan mutum nawa sun mutu? Ka tuna farkon shigarsa ɗakin da gawar take. Jini bai bushe ba, abokan aikinsa suna odar abinci daga kicin ɗin otal, shi kuma ya buɗe jakar matar ya zare kuɗin ciki ya sa aljihu. Gawa tana kwance a gabansa. Ni daga nan na gama da shi. Duk abin da ya yi daga baya bai wanke wannan hannun ba.

Nura Ɗorayi:
Yaya Hadiza, a cikin jakar nan ne fa ya tsinci rasit ɗin wankin hotuna, wanda da shi binciken ya samu kan zare.

Hadiza Bello:
To ka gani. Hannun da ya shiga sata ne ya fito da shaida. Ba gaskiya ya shiga nema ba.

Malam Abubakar Azhari:
Salamu alaikum. Ban cika sa baki a maganar fina-finai ba, amma wannan ya taɓo shekarun da na yi a garin. Ina ɗalibi a Azhar lokacin da abin ya faru, ina zaune a Madinatul Bu'us da ke Abbasiyya, inda ake ajiye ɗaliban ƙasashen waje.

Da farko in gyara wani abu da na ji matasa suna faɗa, wai a Alƙahira aka ɗauki fim ɗin. Ba a can ba ne. Can suka yi niyya, ana saura kwanaki kaɗan a fara sai jami'an tsaro suka hana, suka kwashe kayansu suka koma Kasablanka ta Maroko. Wanda ya zauna a Alƙahira zai gane. Launin gine-ginen daban, faɗin titunan daban, kuma Alƙahira tana da wata irin ƙura da hayaniyar oda da ba a iya aro. Sannan harshe. Fares Fares, mai fitowa a Noredin, haifaffen Beirut ne da ya girma a Suwidin. Ya yi ƙoƙari ƙwarai, amma Bamisire yana jin kalma biyu zai san ba ɗan gida ba ne. Abokaina Misirawa da muka yi karatu tare, da yawansu nan suka tsaya, suka ce sun kasa shiga labarin saboda bakin jarumin.

Shi kansa otal ɗin, a Janairun 2011 a rufe yake ana gyaransa. An buɗe shi tun 1959 a gefen Tahrir, daga baya ya dawo aiki a 2015 da sunan Nile Ritz-Carlton. Muna wucewa ta gabansa.

Amma duk da haka ba zan ce fim ɗin ƙarya ba ne. Tsoron da ke cikinsa gaskiya ne. A lokacin ƙasar tana ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tun 1981. Mutane kan rage murya idan hira ta zo kan Amnud Daula, wato hukumar tsaron ƙasa, ko da a cikin ɗakinsu suke.

Sanusi Fagge:
Allah ya gafarta Malam, mun gode. To su Misirawan da suka daure wa harshen suka kalla har ƙarshe, me suka ce?

Malam Abubakar Azhari:
Sun rabu, Sanusi. Wasu suka ce baƙo ne ya zo yana shanya musu tsummokaran gida a kasuwar Turai, tunda shi Tarik Saleh a Stockholm aka haife shi, mahaifinsa Bamisire, mahaifiyarsa 'yar Suwidin. Wasu kuma suka ce ai ɗan gida ba zai iya yin wannan fim ya kwana a gidansa ba, dole sai wanda ke da fasfo na biyu. Kuma ka sani ba a sinima suka gani ba. A Nuwambar 2017 sinimar Zawya da ke Alƙahira ta sa shi cikin jerin fina-finan da za ta haska a bikinta na fina-finan Turai, sai aka soke. A wayoyi da kwamfutoci mutane suka kalla, kowa a ɗakinsa. Fim ɗin da ya ci babbar kyauta a bikin fina-finai na Sundance a Amurka a farkon shekarar, ya kuma ci kyautar fim mafi kyau a Suwidin, mutanen da aka yi shi a kansu sai a ɓoye suka gan shi.

Baba Garba Mai Ritaya:
Yara, ku bar ni in ce wani abu. Na sa kaki shekaru masu yawa kafin in ajiye, ba a Masar ba, amma kaki kaki ne.

Hadiza 'yata, ba zan kare satar da ya yi a gaban gawa ba. Haram ce, kuma abin kunya ce. Amma ina so ki lura da abin da fim ɗin ya nuna wanda ku da ba ku shiga ba ba za ku kama da sauri ba. Kuɗin da suke zagayawa da mota suna karɓa a hannun masu shaguna ba na mutum ɗaya ba ne. Tarawa ake yi a raba, daga ƙasa har sama. Wanda ya ce ba zai karɓi kasonsa ba, ba a ganinsa a matsayin mutumin kirki. Ana ganinsa a matsayin wanda zai tona asiri. Daga ranar ba mai ƙara yarda da shi, kuma shi za a fara turawa inda ake mutuwa. Balle wanda baffansa ne ya ɗauke shi aiki, ya riƙe masa tsani har ya hau. Ka ce wa mai gidanka a'a da wuya, ka ce wa ƙanin ubanka a'a ya fi wuya.

Wurin da ya sa na ajiye kofin shayina shi ne inda ya kamo mutumin da ake zargi a yankin da ba nasa ba, sai da ya biya 'yan sandan wajen kafin su bar shi ya tafi da shi. Ɗan sanda yana ba ɗan sanda cin hanci don ya yi aikin gwamnati. Jikana da ke zaune kusa da ni ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Hadiza Bello:
Baba, ranka ya daɗe, na ji kuma na yarda da wahalar da ke ciki. Amma mai shagon da ake karɓe wa kuɗi kullum fa? Shi ma yana da baffa, yana da 'ya'ya. Idan muka ce kowa tsarin ne ya tilasta shi, wa zai amsa laifi?

Baba Garba Mai Ritaya:
Kowa zai amsa nasa, 'yata. Ban ce ba shi da laifi ba. Na ce na san nauyin abin da ya ɗauka ranar da ya ƙi rufe fayil ɗin bayan mai gabatar da ƙara ya rubuta wai matar kashe kanta ta yi. Mace an yanke mata maƙogwaro a ce ita ta yi wa kanta. Duk ofishin sun san ƙarya ce, duk sun sa hannu da shirunsu. Shi kaɗai ya kasa haɗiyewa. Ya makara, amma ya kasa haɗiyewa.

Maryam Sokoto:
Don Allah tambaya, ana iya kallonsa da yara?

Hadiza Bello:
A'a Maryam. Akwai gidan rawa, akwai shaye-shaye, akwai wajen da bai dace ba tsakaninsa da Gina, ƙawar mamaciyar. Sigari kuwa ba ya barin bakinsa tun daga farko har ƙarshe. Na manya ne, su ma da rimot a hannu.

Ibrahim Maraɗi:
Sannunku 'yan uwa. Mu nan da sunansa na Faransanci muka san shi, Le Caire confidentiel. Ina so in ƙara abin da ban ga an ambata ba: labarin yana da tushe a wani kisa na gaske. A Yulin 2008 aka kashe mawaƙiyar Labanan Suzanne Tamim a gidanta da ke Dubai. Kotun Masar ta samu wani tsohon jami'in tsaro, Mohsen al-Sukkari, da laifin kisan, ta kuma samu Hisham Talaat Moustafa da laifin sa shi. Shi Moustafa babban attajirin gine-gine ne, ɗan majalisar Shura a jam'iyyar Mubarak. A 2009 aka yanke musu hukuncin kisa. Aka sake shari'a a 2010, attajirin ya koma shekara 15, ɗaya kuma ɗaurin rai da rai. A 2017 shugaba Sisi ya yi wa attajirin afuwa ya fito, shekarar da fim ɗin ya fita.

Mai fim ya ɗauko kisan daga Dubai ya kawo shi Alƙahira, ya matso da shi daga 2008 zuwa 2011 don ya haɗu da juyin juya hali. Ni a nan nake da ja. A rayuwa ta gaske an kama babban mutum, an gurfanar da shi, ya yi zaman gidan yari. A fim kuwa an nuna kamar babu ta yadda za a taɓa irinsu. Ashe bai yi wa ƙasar rashin adalci ba?

Malam Abubakar Azhari:
Malam Ibrahim, tambaya ce mai kyau. Amma ka tuna 'yan sandan Dubai ne suka tattara shaidun, ba na Alƙahira ba. Abin ya riga ya fita duniya, ba a iya binne shi. Ina jin tambayar da mai fim ya yi wa kansa ke nan: da a ce a gida aka yi kisan, a hannun ofishin unguwa, kuma shaidar kaɗai baƙuwa ce marar gata, ina maganar za ta ƙare?

Ibrahim Maraɗi:
Na karɓa, Malam. Da wannan fuskar ban kalle shi ba.

Umma Zainabu Mai Wurno:
Salamu alaikum 'ya'yana. 'Yata ce ta nuna mini wannan hira, ta ce Umma ga maganarki ana yi. Ni Bahausar Sudan ce, asalinmu Mai Wurno a bakin kogin Shuɗin Nilu, kakanninmu suna cikin waɗanda suka yi hijira gabas bayan Turawa sun ci ƙasar Hausa. A Khartum na yi aure na haifi 'ya'yana. Da yaƙi ya tashi a Afrilun 2023 muka bar komai muka hau mota zuwa Masar. Yanzu a unguwar Faisal muke, a Giza, mu takwas a ɗaki biyu.

Sanusi, Allah ya yi maka albarka da ka tambayi Salwa. Mun kalli fim ɗin nan da 'yata da maƙwabciyarmu, a waya, muna zaune a tabarma. Mu ba mu ga Noredin ba sam. Duk lokacin da ya fito jira muke a koma wajen yarinyar. Da aka nuna ta tana tura keken tawul a barandar otal, kanta a ƙasa, maƙwabciyata ta kama hannuna ta ce wannan ai tafiyarmu ce. Haka ake tafiya a gidan mutane idan kana aiki ba ka da takarda. Ba ka kallon fuska. Ka ji ihu a ɗaki, ka ci gaba da goge tayil. Domin ranar da ka ce na gani, tambayar farko da za a yi maka ba me ka gani ba ce, ina iƙamarka ce, wato takardar izinin zama.

'Yata tana aikin gida. Wata uku da suka wuce matar gidan da take yi wa aiki ta ce zobenta ya ɓata. Aka zazzage jakar 'yata a tsakar falo, ga ɗan kwalinta, ga gurasar da ta saya mana, ga kuɗin mota, duk a ƙasa, yaran gidan suna kallo. Ba a samu komai ba. Bayan kwana biyu zoben ya fito a aljihun rigar matar. Ba ta ce yi haƙuri ba, cewa ta yi gobe ki zo da wuri. Kuma ta je da wuri, saboda kuɗin haya.

Ba na cewa duk mutanen ƙasar haka suke. Wallahi mai gidan da muke haya ya yi mana alheri, akwai mai shagon da ke ba mu bashi ba ya ƙirgawa. Sun buɗe mana ƙofa lokacin da muke gudun harsashi, ba zan manta ba. Amma a titi yara suna bin mu da "samara" da "shokolata", tsokana saboda baƙar fatarmu, kuma manya suna ji ba sa tsawatarwa.

Sanusi Fagge:
Umma, Allah ya saka da alheri, ya mayar da ku gida lafiya. Na rasa abin cewa.

Nura Ɗorayi:
Umma ki yafe mini. Da na ce wanda aka nuna maka cikin gidansa shi za ka ji wa, na manta an nuna ɗakin da Salwa ke kwana ita ma. Na gani, ban dai tsaya a kai ba.

Umma Zainabu Mai Wurno:
Ba ka yi mini laifi ba ɗana. Kowa abin da ya sani yake gani.

Hadiza Bello:
Umma ta faɗi abin da na kasa faɗa. Amma ina da ƙorafi a kan mai fim ɗin shi ma, ba mu masu kallo kaɗai ba. Sau nawa Salwa ta yi magana? Kalmominta ba su da yawa. Ba mu san garinsu ba, ba mu san wa ta bari a gida ba, ba mu san me take tara kuɗi ta yi ba. Mun san talabijin ɗin Noredin, mun san inda yake ɓoye kuɗinsa a firij, amma ba mu san sunan mahaifiyar Salwa ba. Mata uku ne a labarin, biyu mawaƙa ɗaya mai shara, dukkansu an kawo su ne don namiji ya samu abin da zai farkar da zuciyarsa. Idan 'yan kallo sun manta da ita, shi ya fara ajiye ta a gefe.

Ibrahim Maraɗi:
Hadiza, wataƙila da gangan ya yi. Shirunta shi ne maganar. Wadda ta fito a Salwa, Mari Malek, ita kanta 'yar gudun hijira ce daga Sudan ta Kudu, ta zauna a Masar tana yarinya kafin su wuce Amurka. Wanda ya fito a Clinton, mai unguwar 'yan Sudan da ya so ya sayar da abin da ta gani, Ger Duany ne, shi ma yaƙin Sudan ne ya kore shi yana yaro. Mutanen da suka san abin a jikinsu ne aka ɗauko.

Hadiza Bello:
To da ya bar su sun faɗa mana da bakinsu mana, tunda sun sani.

Malam Abubakar Azhari:
Akwai dalilin wannan shirun da ya kamata matasa su sani. A ƙarshen Disambar 2005 'yan gudun hijirar Sudan sun yi wata uku suna zaman dirshan a dandalin Mustafa Mahmud da ke Muhandisin, kusa da ofishin hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Da asuba jami'an tsaro suka tarwatsa su da ruwa da kulake. Fiye da mutum 20 suka mutu, har da yara. Duk ɗan Sudan da ke Alƙahira a 2011 yana ɗauke da wannan a ransa. Saboda haka idan Salwa ta ga ɗan sanda ta gudu, ba rashin wayo ba ne. Kuma a watan da labarin ke faruwa ne mutanen kudancin Sudan suka yi ƙuri'ar raba gardama ta ɓallewa. Yarinya irinta ba ta ma san wace ƙasa za ta kira tata ba nan da wata shida.

Mu ɗalibai baƙar fata mun ɗanɗani kaɗan daga ciki, amma mu muna da katin Azhar a aljihu, kuma Misirawa suna girmama shi. Ka fito da shi, a ce maka tafaddal ya shaikh. Ita ba ta da abin fitarwa.

Aminu Zariya:
Ni dai ƙarshen ne ya ƙona mini rai. Ya gano baffansa ya karɓi jakar kuɗi, ya rufe shi da duka a tsakiyar masu zanga-zanga, sai jama'a suka taso suka rufe shi SHI da duka, baffan ya ɗauki jakarsa ya yi gaba. Haba! Sa'a biyu ina jira a kama wani, ba a kama kowa ba. Wannan wane irin fim ne?

Baba Garba Mai Ritaya:
Aminu, masu zanga-zangar me suka gani? Sun ga ƙato yana dukan dattijo. Ba su san abin da ke cikin jaka ba. Da kai ne a wurin, wa za ka kare?

Aminu Zariya:
Dattijon, Baba. Amma ai shi ya sa abin ya fi ciwo.

Malam Abubakar Azhari:
Ranar da aka zaɓa don fara zanga-zangar ma tana da ma'ana. 25 ga Janairu ita ce Ranar 'Yan Sanda a Masar. Asalinta 1952 ne, a Isma'iliyya, lokacin da sojojin Ingila suka kewaye 'yan sandan garin suka ce su miƙa makamai, suka ƙi, aka kashe kusan 50 daga cikinsu. Ranar alfahari ce. Matasa suka zaɓe ta da gangan don su ce ku dubi abin da kuka kasance, ku dubi abin da kuka zama. Abin da ya hura wutar shi ne mutuwar Khaled Said, saurayin da 'yan sanda biyu suka fito da shi daga shagon intanet a Iskandariyya a Yunin 2010 suka doke shi har ya mutu. Hoton fuskarsa ya zagaya Facebook, aka buɗe shafi da sunansa. Ga kuma Tunisiya, inda shugabanta Ben Ali ya gudu ya bar ƙasar ranar 14 ga wannan Janairun.

Na tuna Juma'ar 28 ga wata. An yanke intanet da layukan waya, iyayenmu a gida ba su san halin da muke ciki ba. Daga nesa muna hango hayaƙi. Hedikwatar jam'iyya mai mulki, wadda ke manne da wannan otal ɗin, ta kama da wuta. Kafin dare 'yan sanda sun ɓace daga tituna ɗungurungum, samarin unguwa suka fito da sanduna suna gadin layinsu. Kwana 18 aka yi, ranar 11 ga Fabrairu Mubarak ya sauka bayan kusan shekara 30. Mutane suna kuka suna rungumar juna a titi, na gani da idona. Shi ya sa da na ga Kammal yana tafiya da jakarsa ta cikin taron, sai da na dakatar da fim ɗin na fita waje na sha iska. Mai fim ya yi shi ne bayan shekara shida, ya riga ya san abin da mu a ranar ba mu sani ba.

Aminu Zariya:
Malam, yanzu na fahimta. Amma har yanzu ina jin haushi.

Ibrahim Maraɗi:
Aminu, idan ka huce ka nemi Ashkal na Youssef Chebbi, ɗan Tunisiya, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka, a Wagadugu a 2023. Shi ma binciken 'yan sanda ne, a cikin gine-ginen da aka fara zamanin Ben Ali aka bari ba a gama ba. A can mace ce mai binciken. Amma kada ka sa ran za a kama maka kowa a can ma.

Nura Ɗorayi:
Na koma na sake kallon wuraren Salwa kaɗai, ina tsallake sauran. Ba su da yawa, Yaya Hadiza ta yi gaskiya. Amma akwai wajen da aka biya ta kuɗinta aka sallame ta daga aiki, ta karɓa ba ta ce uffan ba. Jiya ban ma lura da shi ba, ina jira a koma kan bincike. Yau da na tuna jakar 'yar Umma a tsakar falo sai na kasa wucewa.

Sanusi Fagge:
Na yi magana da mai falon, ya yarda mu sake zama ranar Asabar bayan isha'i, mu bakwai ɗin. Zan karanta musu abin da Umma ta rubuta kafin a kunna. Umma, kin ba ni izini?

Umma Zainabu Mai Wurno:
Na ba ka ɗana, amma kada ka faɗi sunan 'yata ko da ka sani, tana jin kunya. Ka gaishe su. Zan sauka yanzu, ƙarfe goma ta wuce a nan kuma ba ta dawo daga aiki ba, wayarta tana ringin ba ta ɗauka. Bari in leƙa bakin layi.

Hadiza Bello:
Umma don Allah ki sanar da mu idan ta shigo.

Umma Zainabu Mai Wurno:
Ta shigo, alhamdu lillahi. Baƙi aka yi a gidan, aka tsayar da ita wanke-wanke, ga cunkoso a titin Faisal. Tana cin abinci.